Kwalbar Yaudara a Bakin Inji

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, lokaci ya yi da za mu daina tsiyaya guminmu cikin inji a banza. Duk ran juye, sai a miƙo mana wata 'yar kwalba mai kauri kamar zuma, wai ita ce mai ƙara wa mota kwana. Mu dai mun ce ba mu yarda ba.

Baƙin mai na kirki da haɗinsa yake fitowa daga masana'anta: akwai sinadarin wanke dauɗa, da na hana tsatsa, da na tutiya mai kare ƙarfe daga cinyewa, kowanne bisa ma'auni. Wanda ya yi ƙari, ma'aunin ya ɓata. Man da ya cika kauri kuwa yakan makara wajen kaiwa ga sassan inji da sanyin safiya, daidai lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe.

A 1997 hukumar ciniki ta Amurka ta hana masu Slick 50 ci gaba da alkawuran da suka kasa tabbatarwa. To, mu don me za mu gaskata?

Injin da ke hayaƙi gyara yake nema, kwalba lulluɓe cutar kawai take yi. Mu sayi man da littafin mota ya ƙayyade, mu yi juye kan kari, mu sake filta. Ragowar kuɗin, a kai gida a yi cefane.