Digiri a Hannu, Wasiƙa Ta Gagara

'Yan uwa, akwai maganar da muke yi a majalisa amma ba ma son a rubuta: da yawa daga cikin yaranmu masu digiri ba sa iya rubuta wasiƙar neman aiki da Turanci sai an gyara musu. Ni dai ban ga laifinsu ba. Mu duba yadda ake auna su.

A WAEC da NECO aƙalla yaro zai rubuta insha'i, ya taƙaita labari. Daga nan biro ya huta. Turancin JAMB zaɓi ne a kwamfuta, A ko B ko C ko D. A shekarar farko ta jami'a akwai kwas ɗin GST 111, amma ɗalibai ɗaruruwa ne a zaure guda. Yaushe malami zai karanta rubutun kowa ya sa masa jan biro? Shi ya sa jami'o'i da dama suka mayar da wannan jarrabawar ma kan kwamfuta.

To, a ofis babu zaɓi. Oga zai ce rubuta min abin da aka tattauna a taron jiya, ba wa wancan kamfani amsa ta imel, haɗa rahoton wata kafin azahar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko ChatGPT ka sa ya rubuta, idan ba ka iya gane kuskure ba, kai ne za ka sa hannu a kan shirme.

Kuma ɓarakar daga tushe take. A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a Kaduna, sama da 21,000 suka kasa samun kashi 75. Ko me mutum zai ce game da korar da ta biyo baya, wannan adadi abin tsoro ne.

Turanci ba shi ne ilimi ba, na yarda. Amma da shi ake aikin gwamnati da na banki a Najeriya, da shi ake tace masu neman aiki, kuma a nan ake zubar da namu.

Shawarata: jami'o'in jihohinmu su sa jarrabawar rubutu kafin a ba da digiri. Wasiƙa ɗaya, rahoto ɗaya, mutum ya duba da idonsa, a kuma gayyato masu ɗaukar ma'aikata su faɗi abin da suke nema. Wannan sai an ƙara malamai, kuɗin kuwa majalisar jiha ce ke amincewa da shi. Don haka duk ɗan majalisar da ya shigo mazaɓarku, ku tambaye shi nawa ya sa aka ware.

Allah Ya sa mu gyara.