Kifi Ba Buhun Masara Ba Ne

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. A nawa ra'ayin, mai safarar kifi da ransa ya fi kowa bukatar wannan karin magana, ko kifin ci ne, ko kifin ado da ake sakawa a akwatin gilashi.

Mu mutanen Filato ba baƙi ba ne a wannan harka. Tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a yankin Mangu, kuma a shekarar 1954 aka kawo kifin kaf daga ƙasar Ostiriya. To, in kifi ya iso daga Turai da ransa shekara 70 da suka wuce, me zai sa ya mutu yau tsakanin Jos da Kano? Amsar dai ita ce gaggawa da son riba.

Ya kai mai karatu, garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwansa kuwa da sanyi. Da zarar mota ta gangara ta nufi Kano ko Abuja, sai ruwan ya fara ɗumi. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, alhali a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. Wanda kuma ya taso daga Legas ya hauro Jos, ledarsa za ta ƙara kumbura saboda nauyin iska yana raguwa a kan tudu, don haka kada ya cika ta tam.

Hanyar kiyayewa a fili take. Da farko, a hana kifi abinci kwana 1 ko 2 kafin tafiya, domin kashinsa ne ke ɓata ruwa ya zame masa guba. Na biyu, a raba leda kashi 3: kashi 1 ruwa, kashi 2 oksijin. Na uku, babban kifi a ba shi ledarsa shi kaɗai, a ninka ta biyu saboda ƙayarsa, a sa a cikin kula mai duhu don ya natsu. A tashi da sassafe, kafin rana ta take. In an isa, a ɗora ledar a kan sabon ruwan kamar minti 20 kafin a sake shi.

Wani zai ce ai tarwaɗa ana ɗura ta a jarka ta kai Kano lafiya, me ya kawo ɓarnar kuɗi? Gaskiya ne tarwaɗa tana shaƙar iskar sarari, shi ya sa take jurewa. Amma karfasa da kaf ba su da wannan baiwa. Haka kuma kuɗin leda da oksijin ba su kai asarar babban kifi guda da aka yi shekaru ana kiwo ba.

Bayan batun aljihu, akwai na tausayi. Kifi rai gare shi, ba ya kuka balle a ji. Ina kira ga ƙungiyoyin masu kiwon kifi da malaman gona su riƙa koyar da waɗannan dabaru ta rediyo, masu tsare hanya kuma su daina shanya motar kifi a rana. Allah Ya sa mu gyara, amin.