Babur Ɗaya, Mutum Biyar: Magana ga Iyaye da Dattawa

'Yan'uwa, mu tsaya bakin majami'a ranar Lahadi in an tashi sujada, mu ƙirga. Maigida na tuƙi, yaro a kan tanki, wani a matse a tsakiya, uwargida a baya da goyo, wani lokaci har da buhun masara na baiko. Boxer ne ko Jincheng, mutum biyu aka yi wa kujerar nan. In kaya ya yi yawa, birki ba ya kamawa da wuri, kuma tayar gaba na shiga yashi sai kan babur ya ƙwace. Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙauyukan Ruma, Wagini ko Runka ya san yashin da muke nufi.

Ba mu musanta cewa hanya na da nata laifin ba. Damina na cinye gefenta, hazon hunturu na rufe ido, shanu na tsallakawa ba sallama. Ga kuma tsoro. Tun da 'yan bindigar dajin Rugu suka addabi Batsari da Safana, mutum na taka wuta don kada magariba ta same shi a daji, wani ma ya kashe fitila don kada a hango shi. Wannan mun fahimta. Maganinsa shi ne a bar kasuwa da sauran rana.

Abin da ya fi damunmu yana cikin gidajenmu. Doka ta ce sai mai shekara 18 ake ba lasisi, amma mu da hannunmu muke miƙa wa ɗan shekara 13 makulli, ya kai niƙa ko ya ɗauko baƙi. In ya yi wasa da babur a wurin biki, ya ɗaga tayar gaba, har tafi ake yi masa. Wasu samarinmu 'yan acaba suna shan tramadol wai don kada su gaji, mun sani, mun yi shiru.

Hular kwano kuwa mun mai da ita abin dariya. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa ta a Janairun 2009, wasu ƙwarya suka kifa a ka. A 2021 gwamnatin Masari ta hana ɗaukar mutum uku a babur, ko da yake don tsaro ta yi. Ƙafa in ta karye, mai ɗori na iya gyarawa. Kai in ya bugu da ƙasa, sai an kai mutum Katsina, kuma ba kowa ke isa da rai ba.

Muna roƙon dattawa su sa wannan magana cikin sanarwa kafin Kirsimeti, lokacin da zirga-zirga ke yawaita. Zumuntar mata da ta matasa su haɗa kuɗin hula ko da biyar ce, a ajiye a gidan fasto don mai tafiya mai nisa. Iyalin da suka kai biyar kuma, maigida ya yi sahu biyu.