Yada zango da iyali a mota: Abin lura kafin a nufi Nguru da Gashuwa

 Hutun yara ya ƙarato, kuma wasu magidanta sun fara tunanin inda za su kai iyali su sha iska. Daga cikinsu akwai waɗanda suka ga yadda mutanen Turai da Afirka ta Kudu ke mayar da motar shiga daji tamkar ɗaki, da gado da wurin girki da tankin ruwa, abin ya ba su sha'awa har suka kai Hilux ko Land Cruiser ko bas ɗinsu wurin mai walda da kafinta. Tafiya da kwana a hanya tsohon abu ne a wurinmu, domin fatake da alhazan ƙasa da makiyaya sun daɗe suna yada zango. Sai dai su a buɗaɗɗen fili suke kwana. Kwanan mata da yara a cikin rufaffen ƙarfe yana da nasa haɗarin, kuma shi za mu duba a yau, tare da misali da yankin Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe.

Abin da ke jan mutane zuwa can

Mai tasowa daga Kano zai bi ta Haɗejiya ya shiga Nguru, garin da layin dogo ya tuƙe tun 1930. Daga nan zuwa Gashuwa, fadar Mai Bade, tafiyar kamar awa ɗaya ce idan hanya na da kyau, a bi ta Jajimaji. A tsakanin garuruwan nan biyu ne fadamar Haɗejiya da Nguru ta shimfiɗu. Tafkin Nguru da mashigin ruwan Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Akwai kuma tafkin Dagona, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai a lokacin sanyi, wanda ke ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya taɓa zuwa Dagona a 1989 domin tsuntsayen nan. Wanda ya ƙara gaba zuwa Yusufari zai ga tuddan rairayi da dausayin Tulo-Tulowa. Yaron da ya girma a Kano ko Kaduna bai taɓa ganin masunta a kwale-kwale da ayarin raƙuma a yini ɗaya ba, don haka tafiyar tana da amfani idan an shirya mata.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Afirilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, a damina kuwa ruwa kan cinye hanyoyin fadama, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi ɓarna a Gashuwa da kewaye.

Gyaran mota kada ya cinye bel

Kuskure na farko tun a garejin gyara ake yin sa. Maigida ya sa an cire kujerun baya an shimfiɗa katifa, sai yara su riƙa birgima a kai mota na gudu. Idan aka taka birki da ƙarfi ko taya ta fashe, yaron da ba a ɗaure ba shi ne zai fara dukan gilashi. Ƙa'idar ita ce, duk wanda zai shiga motar ya zama yana da kujera mai bel, yara 'yan ƙasa da shekara 12 su zauna a baya, gado kuwa sai an tsaya ake buɗe shi. Haka akwatuna da tukunyar gas da jarkokin ruwa, a ɗaure su tamau, domin jarka mai lita 25 idan ta taso daga baya ta isa ta karya wuyan mutum.

Kada a jibga kaya masu nauyi a saman mota. Nauyin sama yana sa mota saurin kifewa a kwana ko a gefen tudun rairayi. A duba shekarun tayoyi: lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 na 2022. A tafi da safaya mai kyau, da jak, da katakon ɗora jak, da shebur, da igiyar ja, da famfon iska. Direbobin yankin kan rage iskar taya kafin su shiga rairayi, sannan su mayar da ita idan sun hau kwalta. Wanda bai saba ba ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, kuma mota ɗaya tilo kada ta shiga cikin tuddai.

Iskar da ke kashewa cikin barci

A nan nake so uwargida da maigida su fi natsuwa. Daren hunturu a arewacin Yobe yana da sanyi mai shiga ƙashi. Abin da zuciya za ta raya wa mutum shi ne ya shigo da kaskon gawayi cikin mota ko tanti, ko ya bar injin mota a kunne a rufe gilasai, ko ya ajiye janareta dab da taga. Dukkan ukun suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kama shi, har jiki ya rasa abin rayuwa. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, irin waɗanda mutum zai ce gajiyar hanya ce. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai a wayi gari ba a tashi ba. Jarirai da masu juna biyu sun fi saurin galabaita.

Saboda haka girki a waje, wuta a waje, janareta nesa da wurin kwana ta ɓangaren da iska ke kaɗa hayaƙin gaba. A kashe injin mota kafin a kwanta, a bar tagogi biyu a ɗan buɗe a rufe su da raga saboda sauro. Maganin sanyi bargo ne da rigar sanyi da safa da hula. Idan mutum biyu ko fiye suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fito da kowa fili nan take, a nufi asibiti. Tukunyar gas da jarkar fetur ma kada su kwana inda mutane ke kwana.

Da rana kuma matsalar juyawa take yi. Motar da aka rufe a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti goma, ko da a hunturu ne, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Kada a bar yaro yana barci a mota a ce bari a leƙa kasuwar kifi a dawo.

Ruwan sha da ruwan tafki

A lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a yini, domin sha da girki da alwala da wanke hannu, sannan a ƙara na yini guda saboda ɓacin rana. Iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ga gumi ba, shi ya sa yara ba sa neman ruwa sai an ba su. A duba fitsarinsu: idan ya yi ja ko ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci. Jaririn da bai kai wata shida ba nono kawai za a ƙara masa. Yankin Gashuwa ya daɗe yana fama da yawan masu ciwon ƙoda, har gwamnatin jihar ta sa masana bincike a kai. Darasin da matafiyi zai ɗauka shi ne, ƙarancin ruwa a jiki tare da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen yana wahalar da ƙoda. Direban da bayansa ya ƙage ya sha ruwa ya huta, kada ya yi ta haɗiyar ƙwayoyi.

Duk ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tafasa shi. A tafi da ƙunshin ORS da zinc. Idan gudawa ta kama yaro babu ORS a kusa, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti.

Shi kuwa ruwan tafki, kallo ya isa. Ruwan fadama mai kwanciya da ciyayi gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya ne. Ba sai an sha ba, ta fata take shiga yayin wanka ko wasa ko wanki. Sai bayan wata biyu zuwa uku yaro ya fara fitsari da jini, lokacin an manta da tafiyar. Wasu na ɗaukar hakan alamar balaga ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara idan ta daɗe. Tana da magani, praziquantel, wanda ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro. Idan yaro ya faɗa ruwan, a gaya wa likita inda aka je da lokacin da aka je. Idan za a shiga kwale-kwale, a saka wa kowa rigar kariya daga nutsewa, kada a shiga wanda aka cika maƙil, kada kuma a hau ruwa da magariba.

Sauro, maciji da kunama

Kusa da ruwa sauro ba ya ƙarewa ko da rani. A ɗaura gidan sauro mai magani a cikin mota ko tanti, a sa wa yara dogayen kaya da yamma. Duk zazzaɓin da ya taso a hanya ko cikin makonnin da suka biyo bayan dawowa, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Rani kuma lokacin sanƙarau ne, don haka a duba katin riga-kafin yara kafin a tashi. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne.

Kada yaro ya fita da dare ba takalmi ba tocila. A kakkaɓe takalma da safe, a share wurin zango daga duwatsu da itatuwa. Idan maciji ya sari mutum, musamman kububuwa, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mai allurar dafin maciji. Harbin kunama ga ƙaramin yaro ma na asibiti ne. Tun kafin a bar kwalta a san nisan zango daga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa. Mai ciwon suga ya adana insulin a kula mai sanyi, mai hawan jini ya ɗebi magani fiye da kwanakin tafiya, mai tsohon ciki kuwa ta haƙura da hanyar rairayi.

Inda za a kwana

Kowa ya san halin tsaro da Arewa maso Gabas ta shiga a shekarun nan. Don haka kwana a tsakiyar daji, irin wanda ake gani a bidiyon Turawa, ba namu ba ne. Kafin a tashi a tuntuɓi 'yan uwa ko abokai mazauna yankin da jami'an tsaro game da hanyar da za a bi a wannan makon. Mai son Dagona ko dausayoyin Yusufari ya bi ta hannun ma'aikatan gandun dajin. Idan a ƙauye za a sauka, a fara gaida Bulama ko Lawani, a gabatar da kai, shi zai nuna inda za a ajiye mota. A isa masauki kafin la'asar sakaliya, a daina tuƙi da dare, a riƙe katin shaida saboda shingayen bincike, a kuma yi tambaya kan ɗaukar fetur a jarka kafin a loda shi. Sabis na waya yana ɗaukewa a wurare da dama, saboda haka a bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za a bi da ranar dawowa.

Fadamar nan gonar wasu ce, wurin kiwon wasu, wurin sun wasu. Kada a ratsa shukar mutane da mota, kada a ɗauki hoton matan gari ba izini, kada a bar leda da robobi a bakin ruwa. Yara na kallon yadda iyayensu ke mu'amala da masu masauki.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba ita ce, ya fara gwada kwana ɗaya a cikin motar a harabar gida tare da iyalin. A nan zai gane ko iska na shiga, ko wurin ya ishe su, ko ƙaramin zai iya barci. A tafiyar farko kuma a kwana a masauki cikin Nguru ko Gashuwa, a riƙa fita yawon da rana a dawo. Idan an san hanya an san mutane, sai a yi maganar zango.

Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.