Kakar Farko Ba Ta Jiran Marubuci



Wannan makon za mu fara da wasan da ba mu da shi: hoki na kan ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda mai lanƙwasa, 'yan wasa na sulɓi bisa takalma masu kaifin ƙarfe. A 1904 aka kafa gasarsa ta farko ta 'yan wasan da ake biya. Ƙungiyoyi biyar ne kacal, biyu daga ƙananan garuruwan masu haƙar jan ƙarfe a jihar Michigan ta Amurka, wato Houghton da Calumet. Calumet ce ta lashe kakar farko. A 1907 gasar ta ruguje. Amma har yau ana iya sanin wanda ya ci wa, domin 'yan jaridar garuruwan sun rubuta tun abin yana da zafi.

To, mu dawo gida. Ku shiga majalisa a Jega ko Maiyama, ku tambayi wace unguwa ce ta fara ɗaukar kofin ƙwallon matasa, kuma a wace shekara. Mutum uku, amsa uku, sai musu ya kaure. Kuma dukkansu suna filin ranar!

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu a nan. Masu bin kokawa sun san an fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya tafi da takobin. Mu ma mun san Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972. Manyan ba su ɓace ba. Ƙananan, namu na filin firamare da dandalin dambe bayan an ɗauke amfanin gona, su ne ke salwanta.

Wani zai ce ai makaɗa sun ɗauke mana wannan nauyin. Gaskiya ne, Ɗan Anace ya sa sunan Shago ba zai mutu ba. Sai dai waƙa ba ta ba ka rana da wata, kuma makaɗi gwani yake bi. Wanda ya sha ƙasa fa? Ƙungiyar ƙauyen da ta janye saboda kuɗin mota ya gagara, wa zai yi mata kirari?

Mun nace wa kakar farko ne domin a nan labarin yake. Doka ba ta zauna ba, ana jayayya kan ɗan wasan da aka ɗauko haya daga wani gari, wani ɗan kasuwa ya sayi riguna yana neman a sa ƙanensa a gaba, alƙalin wasa ya sha da ƙyar. Ga yaron da ya karye aka garzaya da shi wajen masu ɗori a Aliero, ga uwarsa da tun farko ba ta so ya buga ba. Muna kukan rashin jigo, muna ta juya soyayyar ɗan mai kuɗi, alhali ga littafi guda a bayan gidanmu.

Mu ma ba mu tsira ba. Mun taɓa kallon wata gasa tun daga wasanta na farko, muka cika waya da hotuna, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Wayar ta faɗa ruwa. Yanzu ko yawan ƙwallayen wasan ƙarshe sai mu yi ta gardama a kai.

Don haka duk wanda za a buɗe sabuwar gasa a garinsu, ƙwallo ce ko dambe ko kokawa, ya tafi da biro da littafi. Ya rubuta rana, fili, ƙungiyoyi, wanda ya sa kofin da abin da aka ba zakara. Ya zauna da waɗanda aka fara fitarwa, ya nemi izininsu kafin ya sa suna. Shafi biyu sun isa. Ya kawo mana nan ƙarƙashin wannan rubutu, mu yi gyara tare.