Shafin Uwargida: Abin da Ke Sa Mai Ya Juya

Kaka ta yi, gyaɗa ta cika kasuwa, mai kuwa ya yi sauƙi. A wannan lokaci ne mata da yawa sukan sayi garwa ko jarka guda su ajiye domin tuyar Kirsimati, waɗansu har su kai Ista da shi. Dabara ce mai kyau. Amma sau da yawa kafin bazara ta ƙare sai a buɗe a tarar man ya juya, yana wari kamar tsohon fenti, a maƙogwaro kuma sai maƙaƙi. Nan da nan sai a ce mai sayarwa ya yi algus. Kada mu yi saurin ɗora wa mutum laifi, gama galibi aikin iska ne.

Cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne. Shi ne ke sa fartanya ta yi tsatsa, shi ne kuma ke cin mai. Kowane mai yana da waɗansu gaɓoɓi marasa ƙarfi inda oksijin ke samun kamawa. A man waken soya irin wannan sashi ya kai wajen kashi 60 cikin 100, a man gyaɗa wajen kashi 30, a manja kuwa wajen kashi 10 kaɗai. Shi ya sa manja da man kaɗanya suka fi jure ajiya.

To, ga abin da muke so ku lura da shi ƙwarai. Sa'ad da oksijin ya fara kama mai, ba wari, ba ɗaci. Abin da yake fara haifarwa, wanda masana ke kira feroksaid, hanci ba ya jinsa, harshe ma haka. Sai daga baya ya farfashe ya zama ƙananan abubuwa masu tashi cikin iska, su ne warin nan. Ashe ranar da hanci ya ji, ɓarna ta daɗe da farawa. Kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya: ɗigon da ya ɓaci yakan ɓata na kusa da shi, wannan kuma ya ɓata na gaba, kamar wutar daji a rani. Allah cikin hikimarsa ya sa bitamin E a cikin mai domin ya tare wannan wuta, amma yakan ƙare, in ya ƙare kuwa sai ɓarnar ta yi gudu.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa mata masu tuyar ƙosai da doya, kada ku zuba sabon mai a kan ragowar na jiya. Kuna gani kamar tattali ne, alhali tsohon yana shafa wa sabon ciwonsa. Man da ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, ya gama aikinsa. Mun san da zafi a zubar da abin da aka saya da kuɗi, amma mai saye in ya ji maƙaƙi sau biyu, gobe wajen maƙwabciyarki za shi. Soya albasa a ciki yakan rufe warin kawai. Tafasawa ma ba ta gyara shi, domin ba ƙwayoyin cuta suka ɓata shi ba. Ba kuma abin da za mu so yara su yi ta ci kullum ba ne.

Abu uku ke taimakon oksijin: zafi, haske, da ƙarfe. In zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin ɓarnar yakan kusan ninkawa biyu. Kwalaben nan da ake jerawa a rana bakin hanya, mu dai ba mu so mu saya. Garwa mai tsatsa da ludayin tagulla su ma ba abokan mai ba ne.

Ranar da kika kawo jarka gida, ki juye man cikin ƙananan kwalabe wankakku, busassu sarai. Ki cika kowace har wuya domin kada iska ta sami wurin zama, ki toshe sosai, ki ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi, nesa da murhu. Ki buɗe ɗaya, sai ta ƙare kafin ki taɓa ta biyu. Ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa ma haka za ki yi musu, gama akwai mai a cikinsu.