Kada Mu Goge Aninin Kaka

A gidajenmu na zango, daga Salaga zuwa Yendi da Bawku, har yanzu akan tarar da tsofaffin kuɗi a ƙasan adaka: anini da kobo masu huda, taro, sisi da sule. Su ne suka gaji wuri a cinikin goro, kafin Ghana ta fitar da nata fam a 1958, sidi kuma ya biyo baya a 1965.

Masu tara irin waɗannan kuɗi suna neman wanda hannu bai cinye zanensa ba. Wanda aka dirje da toka ko lemun tsami kuwa, darajarsa ta faɗi, domin dirza tana kankare fuskar ƙarfen.

Saboda haka kada mu goge, kada kuma mu yi gaggawar miƙa wa dillali. Mu fara duba shekara: wani kobon 1936 yana ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon mulki tun Ingila ba ta fitar da kuɗi da sunansa ba.

Wanda ya suɗe ma ba abin yarwa ba ne, tafin hannun kakanninmu ne ya suɗe shi. Mu naɗe kowanne a busasshiyar takarda, mu rubuta sunan mai shi, mu bar wa jikoki.